Wa'adin Baba Mai Fata

Abin da zan rubuta a nan na tattaro shi ne daga littafin da nake ajiye bayanai a ciki a wancan lokacin, da hotunan takardu da suka rage a wayata, da saƙonnin murya huɗu waɗanda har yau ban goge ba. Abubuwan da suka faru a shekaru ukun da ba na Legas kuwa, daga bakin matar mutumin na ji su, da bakin wani abokin sana'arsa, kuma maganarsu ta saɓa a wurare biyu. Zan nuna wuraren idan na iso su. Ba zan ambaci suna ba, ba kuma zan sa kwanan wata ba ko da yake ina da wasu a rubuce, domin mutumin yana da iyali a Agege, kuma ban san ko wata rana takardunsa za su sake shiga hannun hukuma ba. Ƙa'idojin zaman baƙi sun sauya tun daga lokacin, wataƙila fiye da sau ɗaya. Ni ba lauya ba ne, ƙididdiga na karanta a jami'a. Kada wani ya ɗauki abin da na faɗa a nan a matsayin doka.

A Agege aka haife ni. Gidanmu yana jingine da gidan wani Alhaji, babban dillalin fata, wanda kowa ke kira Maigida. A nan masu sana'ar fata da suka zo daga Nijar suke sauka, wasu na wata uku, wasu na shekara talatin. Da safe ake kawo fatu daga kwata a baro, da jini-jininsu, a baje su a tsakar gida, a kankare, a zuba gishiri, a ninke. Warin gishiri da ɗanyar fata ya kama bangon ɗakinmu tun ina ƙarami, har na daina jin sa, sai ranar da na dawo hutu daga makaranta.

Mutumin da nake magana a kansa shi ne mai tantance fatun. Muna kiransa Baba mai fata, ko da yake duk gidan masu fata ne. Zai ɗaga fata ya hanga ta a hasken rana, ya bi ta da babban yatsa, ya faɗi inda wuƙar mahauci ta yi zurfi tun kafin ido ya gani. Daga wani ƙauye yake a bayan Tawa, a ƙasar Adar da ke Nijar. Ya zo Legas tun kafin a haife ni, ya auri wata mai sayar da abinci 'yar unguwar, wadda muke kira Iya, suka haifi 'ya'ya mata uku. Yana jin Yarabanci sosai, amma da karin harshen garinsu yake yin sa, abin da Iya ba ta taɓa gajiya da tsokanarsa a kai ba.

Akwai wata al'ada a gidan da ya kamata in yi bayaninta sosai, domin a kanta komai ya rataya. Duk baƙon da ya sauka, Maigida yake miƙa wa takardunsa: littafin tafiya, da katin izinin zama ga wanda yake da shi, da katin shaidar ƙasarsu, wanda su suke kira kat. Maigida yana zuba su a wani akwatin ƙarfe a ɗakinsa, nesa da damshi da gishiri. Sau ɗaya a shekara ake buɗe akwatin. Idan Babbar Sallah ta wuce, aka gama sa wa fatun layya gishiri, aka ɗora su a manyan motoci, sai Maigida ya yi shatar danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Legas. Kowa ya yi wanka ya sa farar riga, a ɗunguma zuwa ofishin da ke kula da shige da fice. Suna kiran tafiyar zuwa gaisuwa. A can za a duba takardar kowa. Wanda wa'adinsa ya kusa a sabunta masa, wanda bai kusa ba ya sha zama a benci ya dawo. Yawancinsu ba su iya karanta boko ba, kuma ba su san ranar da ke rubuce a katinsu ba. Abin da suka sani shi ne bayan fatun layya ana zuwa gaisuwa.

Shekarar da na gama jami'a, ina zaune ina jiran a kira mu bautar ƙasa, idon Maigida ya fara yin hazo. Ya aika aka kira ni da hantsi, ya tura mini akwatin, ya ce in duba masa kafin a tafi. Na kwana biyu ina aikin. Na ja layi a littafina, na rubuta wa kowa ranaku biyu, domin a nan mutane suka fi ruɗewa: ranar da littafin tafiya zai mutu daban, ranar da izinin zama zai ƙare daban, kuma ɗaya ba ya tsaya wa ɗaya. Da na gama sai na ga abin da ya ba ni mamaki. Cikin mutanen gidan duka, uku ne kawai ke da buƙatar zuwa ofis a wannan shekarar. Sauran za su bar aikinsu ne su wuni a cunkoson hanya ba don komai ba.

Na faɗa wa Maigida haka a gaban mutane bayan la'asar. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ai sun saba tafiya gaba ɗaya, kuma tun da yake riƙe da akwatin nan ba a taɓa kama masa baƙo ba. Na ce masa wannan gaskiya ne, amma mutum ya fi dacewa ya riƙe takardarsa a jikinsa, ya san ranarsa da kansa, domin idan aka tare shi a hanya ba za a jira a je Agege a buɗe akwati ba. Wannan magana gaskiya ce, kuma har yau ina ganin gaskiya ce. Wani mahauci Bakano da ke zaune wurin ya ce a bar ɗan boko ya yi aikinsa, ya gaji da ganin Adarawa sun cika danfo da fararen riguna kamar masu rakiyar ango. Baba ya ce masa ai gara su, suna da inda za su je gaisuwa, shi da zai nuna kati ko wane gari ne zai amsa ya san shi? Aka yi dariya. A cikin dariyar nan aka amince da maganata.

Na yanka farar takarda ƙanana-ƙanana, na rubuta wa kowa ranarsa da manyan baƙaƙe, na sa a leda tare da katinsa. Na riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan Baba, ya karɓa da hannu biyu bayan ya goge su a jikin riga, ya juya takardar, ya dube ni.

"Ɗan boko, Sallah nawa ke nan?"

Na ce masa ba da Sallah ake lissafin ba, da watan Bature ake yi, ga ranar nan a rubuce.

"Na ji. To amma ni faɗa mini kusan-kusan. Sallah ɗaya, ko biyu?"

"Baba, hukuma ba ta san kusan-kusan ba."

Ya yi murmushi ya ce to Allah ya yi wa karatu albarka, ya ninke ledar ya cusa a aljihun 'yar cikinsa.

Dole in tsaya a nan in faɗi abin da na sani a wannan lokacin. Na san ranar tasa za ta faɗo ne kimanin mako biyar bayan Babbar Sallah ta biyu. Na lissafa a raina yana tsaye a gabana. Abin da ya hana ni faɗa shi ne ganin wata ba shi da tabbas, yana iya gaba ko baya da kwana ɗaya ko biyu, kuma an koya mini kada in ba da adadin da ba zan iya tsaya masa ba. Sai daga baya na lura da abin da al'adar Maigida ta ƙunsa. Shekarar wata ta fi shekarar Bature gajarta da kwana goma da wani abu. Duk wanda yake zuwa ofis bayan kowace Sallah, kullum a gaban wa'adinsa yake, ba ya taɓa makara. Ban sani ba ko Maigida ya taɓa lissafa haka. Ina zaton bai taɓa ba.

Wata biyu bayan haka aka tura ni bautar ƙasa wata jiha mai nisa, da na gama kuma makarantar da na koyar ta riƙe ni shekara biyu. A tsakanin nan ciwon ido da hawan jini suka kwantar da Maigida, 'ya'yansa suka mayar da shi Arewa. Sallah ta farko ta zo, ba a yi shatar danfo ba, tunda kowa yana da takardarsa. Ta biyu ma haka.

A nan ne saɓani na farko yake. Iya ta ce gumi da gishiri sun shiga ledar, rubutun ya narke, Baba ya riƙa cewa idan ɗan boko ya dawo zai sake rubuta masa. Abokin sana'arsa kuwa ya ce rubutun yana nan lafiya lau, ya gan shi da idonsa, sai dai Baba yana jin nauyin ya nuna wa yaran unguwa su karanta masa, kada su san cewa shi baƙo ne mai wa'adi. Ban ga takardar ba, ba zan iya raba gardamar ba.

Abin da ba a yi saɓani a kai ba shi ne yadda aka gano. Wata rana da safe ya tafi kasuwar Alaba Rago duba wasu fatun awaki. Bayan Mile 2 aka tsayar da motarsu, aka tambayi takardu. Jami'in da ya duba bai wulaƙanta shi ba. Ya ce masa izininsa ya ƙare watanni da dama da suka wuce, littafin tafiyarsa ma ya mutu, ya je ya gyara tun kafin ya gamu da wanda ba zai saurare shi ba. Ya mayar masa da takardunsa. Baba bai ƙarasa Alaba Rago ba. Ya juyo gida, ya zauna a kan turmin da ke ƙofar ɗakinsu, Iya ta ce har azahar yana nan. Daga nan ya sa babbar 'yarsa ta kira ni.

Ina ɗakin malamai lokacin. Na ce ya ba ni kwana biyu in bincika. Na karanta duk abin da na samu a intanet, na tambayi wani da muka yi karatu tare wanda yayansa ya taɓa aiki a bakin iyaka. Ban je ofis ba, domin ina nesa, ban kuma ce wa kowa ya je ya tambaya a madadinsa ba, domin ina tsoron tambayar ta jawo masa abin da ake gudu. Abin da na tattara ya nuna mini hanya ɗaya wadda ba ta da ƙura: ya fita daga ƙasar, ya je gida ya karɓi sabon littafin tafiya, ya shigo da sabon hatimi, sannan a nemi izinin zama daga farko. Na kira shi na faɗa masa haka dalla-dalla.

Da na gama, sai ya tambaye ni.

"Gida kuma? Wane gidan?"

Na ce garinsu nake nufi, inda aka haife shi. Ya ce rabonsa da can tun rasuwar mahaifiyarsa, babbar 'yarsa tana goye. Ya tambaye ni ko babu yadda za a yi a nan. Na ce masa akwai masu cewa ana iya yi, amma ban tabbatar ba, kuma ba zan sa shi a hanyar da ban tabbatar ba. Na ce mako uku ya ishe shi, in ya yi yawa wata ɗaya.

"To, ɗana. Kai ka yi karatu."

Saɓani na biyu a kan ranar tafiyar yake. Iya ta ce da fara'a ya tafi, har yana cewa zai kawo mata cukui, busasshen cukun garinsu, ta ce masa ya kawo kansa ya isa. Abokinsa, wanda ya raka shi tasha, ya ce da motar ta kai Abule Egba ya kira shi a waya, ya bar masa amanar wuƙar kankararsa da dutsen washi, ya kuma faɗa masa inda ya fi so a kai 'yan matan idan wani abu ya taso. Yana yiwuwa dukansu gaskiya suka faɗa.

Saƙon murya na farko daga Sakkwato ya aiko mini, yana cewa ƙafafunsa sun kumbura da zaman mota. Na biyu bayan ya tsallaka ne. Yana dariya a ciki, ya ce jandarma ya yi masa Faransanci shi kuma bakinsa ya kuɓuce ya amsa da Yarabanci. Na uku ya fi tsawo. Ya ce an nemi takardar haihuwa, ba shi da ita, an ce sai ya kawo shaidu biyu da suka san haihuwarsa a gaban alƙali. Ya zaga garin, duk tsararrakin mahaifinsa sun rasu, ƙanensa ma ya ƙaura kudu da iyalinsa. Ya ce yara suna kiransa ɗan Legas. Na huɗu daƙiƙa goma sha ɗaya ne. Iska tana bugun wayar, da ƙyar ake jin sa. Ya ce an kwatanta masa wani tsoho a wani ƙauye can arewa wanda ya halarci sunansa, gobe zai tafi nemansa, in gaida Iya domin katin wayarsa ya kusa ƙarewa.

Ba a yi mako biyu ba aka rufe iyakar ƙasashen biyu, kamar yadda kowa ya sani. Na riƙa ce wa kaina wannan ne dalilin rashin dawowarsa. Wayarsa ta daina shiga, na ce rashin wuta ne, ko rashin layi. Da aka buɗe iyakar na ƙirga kwanaki: kwana biyu zuwa bakin iyaka, biyu zuwa Legas, in ƙara masa mako guda na sallama. Suka wuce. Abokinsa ya bi direbobin manyan motoci da masu kawo raguna da tambaya. Wani ya ce ya ga mai kama da shi a wata kasuwa yana duba fatu. Wani ya ce hanyar ƙauyen da aka ambata ba a bin ta yanzu, bai ƙara bayani ba. An samu lambar ƙanensa, ya ce bai ma san yayansa ya zo ƙasar ba.

Na dawo Agege da zama. Ɗakina yana nan inda yake, bango ɗaya da tsakar gidan fata. Yanzu wani ne yake tantancewa, kuma ya iya aikinsa. Amma da safe idan aka fara kankara, akwai wani sauti da wuƙa ke yi a kan dutse, ja biyu gajeru da ɗaya dogo, wanda na san hannun da ke yin sa. Abokin Baba ne yake amfani da kayan da ya bar masa, na sani, na leƙa na gani ba sau ɗaya ba. Duk da haka idan na ji sai in ajiye abin da ke hannuna. Warin gidan ma, da na daina ji tun ina yaro, yanzu kullum ina jin sa, har a rigunan da nake zuwa aiki da su.

Sai bayan na dawo na yi abin da ya kamata in fara yi. Na je ofishin da kaina, na bi layi, na yi tambaya ba tare da ambaton kowa ba: mutumin da ya daɗe a ƙasa, yana da mata da 'ya'ya 'yan ƙasa, izininsa ya ƙare, littafinsa ya mutu, yaya zai yi? Jami'ar da na fara samu ta ce irin wannan ana gyara shi a nan, a nemi sabon littafi ta ofishin jakadancin ƙasarsa, a rubuta bayani, a bi abin da aka yanke. Na koma bayan mako guda don in tabbatar, na samu wani jami'in a wani tebur. Shi kuma ya ce a lokacin da nake magana a kai, sai mutum ya fita ya sake shigowa. Dukansu sun saurare ni da mutunci. Na roƙi kowannensu ya nuna mini a rubuce, kowanne ya ce in kawo mutumin da takardunsa a duba.

Idan wani baƙo ya zo mini da katinsa yanzu, ina karanta masa ranakun biyu, in faɗa masa da watan Bature, in faɗa masa da na Musulunci, in ce ya je tun da sauran wata biyu, in ɗauki hoton kowane shafi, in kuma ce ya sa wani ya raka shi ofis ya ji daga bakinsu. Idan ya ce in faɗa masa kusan-kusan, ina faɗa. Suna yi mini godiya fiye da yadda nake iya ɗauka.

Iya ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Ina wucewa ta gaban rumfarta kowace safiya, in durƙusa in gaishe ta, ta tambayi aiki, wani lokaci ta sa a zuba mini wake da doya ko ban nema ba. Manemin babbar 'yarta ya aiko sau biyu a sa rana, ta ce a jira uban yarinya. Malaman unguwa sun fara yi mata magana a hankali game da hukuncin matar da mijinta ya ɓace, tana saurarensu.

Watan jiya, da rana, babu kowa a rumfar sai ni, tana goge faranti, ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Malam, ina so in tambaye ka abu ɗaya, kada ka ji komai. Dole ne ya tafi?"

Na ce mata ina kan bincike. Ta ce to, ta ci gaba da goge farantin.

Na rubuta wasiƙa zuwa ofishin, na kai da hannuna, an buga mini hatimin karɓa, ba a amsa ba tukuna. Na sake karanta duk abin da na karanta a wancan lokacin, da abin da aka wallafa bayansa. Har zuwa ranar da nake rubuta wannan, ban san amsar da zan ba ta ba. Shin doka ce ta wajabta wa Baba fita daga ƙasar nan, ko kuwa ni ne na fitar da shi?